Kwana Ashirin da Takwas a Kan Soro

Tun hadari bai haɗo ta gabashin Bundi ba
ya fara kiran nan mai raba barci gida biyu.
Ƙarfe uku na dare, can a ƙolin darbejiya,
kamar mage an take mata jela.
Maƙwabcina Mangilal ya ce in kore shi.
Na ce, fara korar damina tukuna,
shi zai bi bayanta.

Mu nan ba ma ɗaure dawisu.
Ba namu ba ne, ba kuma baƙo ba ne.
Wata huɗu a shekara hankalinsa kan yi tafiya,
sai mu riƙe masa gida har ya dawo.

Mako biyu yana dambe da wani ƙato
da ke zaune a madubin babur ɗin jikana.
Sara, ƙaimi, tsalle, jini a baki.
Wancan bai san gudu ba, wannan bai san haƙuri ba.
Hemraj ya rarumo sanda.
Na ce, ajiye, yaro, ba kai yake nema ba.
Na yage tsohon buhun gero na ɗaure madubin,
na shafe gilashin taga da farar ƙasa,
na kife tiren tagulla,
har madubin ɗakina na juya shi ya dubi bango.
Gari ya waye babu abokin gaba.
Ya yini yana zagaye tsakar gida
kamar wanda aka yi wa sata.

Na hana yara bi ta bakin rijiya da safe,
nan ne filin rawarsa.
Na hana a ba shi tsaba a tafin hannu.
Hatsi wuri biyu nake watsawa, nesa da juna,
don ƙaramin namijin ma ya ci
ba tare da ya biya da ido ba.

Ita kuwa, mai launin ƙasa,
ba wanda ya ga hawanta.
A kan soro, tsakanin busasshen kashin shanu
da na jera don girkin damina,
ta share ɗan gurbi, ta ajiye biyar
masu kalar shayi da ya sha madara.

Na janye tsani.
Na cusa ƙayar magarya a indararo, hanyar tunku.
Da gora nake tura mata kaskon ruwa.
Makamashina yana ƙarƙashinta,
sai na koma ara a wajen Kesar,
tana ba ni, tana dariya, tana ƙirgawa.

Ran sha ɗaya ta sauko shan iska,
hankaka ya ɗauke ɗaya.
Na ga ɓawon a bayan turke.
Ban gaya wa kowa ba.

Ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, ba ta motsa ba.
Shi yana bakin rijiya, ya baza idanu ɗari,
yana karkarwa, yana juyi,
a gaban akuya mai tuƙa.

Ran ashirin da takwas, uku suka fasa.
Na huɗun ya yi shiru abinsa.
Na tara tattaka a gindin bango.
Ta dira, ta yi kira ƙasa-ƙasa.
Biyu suka faɗo kamar ƙwallon auduga.
Na ukun ya tsaya a baki yana leƙe har la'asar,
ni da uwarsa muna ƙasa, wuyanmu ya ƙage.
Sai iska ta yanke masa shawara.

Yanzu ruwa ya ja baya.
Jelar tana zuba ɗai-ɗai, ina tsinta a cikin shara.
Ya zama guntu, ya daina kira,
har Mangilal na tambaya ko lafiya.

Jiya na juyo da madubin ɗakina.
Wata tsohuwa ta dube ni, furfura ta ƙaru.
Na daɗe a tsaye.
Ban kai mata sara ba.